Tambayi Kawu: IT babu ko sisi, in je ko in zauna a rumfar Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba da ke Legas, na gama difloma (ND), saura IT, wato koyon aiki a ma'aikata, ta shekara guda kafin in koma babbar difloma (HND). Na samu gurbi a wani babban kamfani a Victoria Island, amma sun ce ba albashi, ko kuɗin mota babu. A Agege muke zaune. Mahaifina yana da rumfar albasa a Mile 12, ya ce in zo in riƙe masa lissafi, a nemi wanda zai buga min hatimi a takarda kawai kamar na yi IT ɗin. Abokaina kuwa cewa suke sunan kamfanin kaɗai ya isa. Yaya zan yi? Ɗanka daga Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Kafin komai ɗauki biro ka yi lissafin da Baba ya riga ka yi a zuci. Daga Agege zuwa Victoria Island sai ka fita bayan sallar asuba, ka hau danfo ko BRT zuwa Oshodi, ka haye gadar Third Mainland, ka sauka Obalende, ka sake neman wata motar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake komawa inda yake ba. Haɗa na zuwa da na dawowa da abincin rana, ka ninka sau ashirin da biyu, kwanakin aiki na wata. Abin da ya fito, shi ne kuɗin makarantar da za ka riƙa biya duk wata daga cinikin albasa. To me za a koya maka da ya kai wannan kuɗin?

Na tambaye ka haka ne don ni na taɓa biya ban samu komai ba. Ina ɗalibi na samu gurbi a wani ofis mai sanyin AC a cikin Island, har da katin wuya mai hotona. Wata uku na yi, aikina hoton takardu da sayo wa manya amala a leda. Ranar Juma'a in zauna in ƙirƙiro abin da zan cike logbuk, littafin rubuta aikin da ɗalibi ya yi, da shi. Da na gaji na koma wata ƙaramar maɗaba'a a Shomolu, wurin wani dattijo Bayarabe mai faɗan tsiya. Shi ma bai yanka min albashi ba. Amma a satin farko ya ɗora hannuna kan injin, na ɓata masa rim guda na takarda, ya zage ni tas, sannan ya nuna min inda na kuskure wajen daidaita tawada. Da azahar kwano ɗaya muke ci. Har yau abincina daga abin da na koya a ɗakin nan yake fitowa, ofishin mai AC kuwa ko sunan maigidana na manta.

Ai dalilin kafa tsarin ke nan tun asali. An kafa ITF, hukumar horar da ma'aikata, a 1971, ta fito da SIWES, tsarin tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda amma hannu bai san aiki ba. Kuma mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Yaron kanikanci ko na tela ba ya karɓar albashi, amma maigida yana ba shi na kalaci, yana koya masa, ƙarshe a yi masa sallama. Kamfanin da ya hana ka kuɗi, ya hana ka abinci, ya kuma hana ka koyo, bauta ya samu a ɓagas.

Don haka koma wurinsu ka yi tambaya cikin ladabi: wane sashe za a sa ni, wa zan zauna a ƙarƙashinsa, kuma za a bar ni in taɓa aikin gaske? Nemi wani da ya yi IT a can bara, shi zai faɗa maka abin da ba za su faɗa ba. Ka roƙi kuɗin mota ko a rage maka ranakun zuwa, roƙon ba abin kunya ba ne. In amsar ta yi kyau, ka daure, ko da wata shida ne.

In kuwa suka yi ta kwana-kwana, duba kusa da gida. Computer Village, kasuwar kwamfuta da wayoyi, na nan Ikeja, kusa da ku. Ƙananan kamfanonin manhaja sun cika Yaba, jirgin ƙasan Red Line kuma yana ɗauka daga Agege ya sauke ka can. A ƙaramin wuri babu mai barin ka zaman banza, don hannu ya yi musu kaɗan.

Maganar hatimi kuwa, a bar ta. Ranar da aka ajiye maka kwamfuta a intabiyu aka ce gyara, hatimi ba zai yi magana ba. Amma kada ka ce wa Baba a'a kai tsaye. Ka kai masa lissafin a rubuce, ka ce Asabar da Lahadi kana rumfa, kuma littafin bashin nan nasa na 'yan sari, kai za ka mayar masa da shi cikin waya.