Ƙanena, ba kanka ne da matsala ba, mabuɗin dikshinarinka ne

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun da rana na ga tambayarka, sabis ne bai bar ni na amsa ba sai yanzu. Ka ce kana son ajiye adadin buhunan da kuke saye a kowace kasuwa a cikin dikshinari, wato ma'ajiyar da ke haɗa kowane mabuɗi da abin da yake riƙe, ka rubuta kaya[["Gumel", "riɗi"]] = 12, Python, yaren kwamfutar da kake koyo, ya watso maka "unhashable type: 'list'". Ka bar lis, wato jerin abubuwa cikin baka mai kusurwa, ka koma tupul, jerin da ke cikin baka mai lanƙwasa, ka zo canza lamba a ciki, ya ce "'tuple' object does not support item assignment". Sai ka rufe da cewa wataƙila kanka ne bai dace da wannan karatu ba, gara ka haƙura. Wannan magana ta ƙarshe ita ta hana ni wucewa, domin ni ma an taɓa kai ni inda na faɗe ta da bakina.

Bari in fara cire maka ƙayar farko. Dikshinari ba ya bin kayansa ɗaya bayan ɗaya yana nema. Idan ka ba shi mabuɗi, lissafi yake yi a kansa ya fitar da wata lamba, lambar ce take nuna masa gurbin da zai ajiye abin, kuma ita zai sake bi ran da ka zo ɗauka. To idan mabuɗin abu ne da ake iya ƙara masa ko a rage, gobe lissafin zai fito daban, ajiyarka ta ɓace a cikin gidanka. Lis kuwa kullum a buɗe yake, ana ƙari ana ragi. Shi ya sa Python ya ƙi karɓarsa tun daga ƙofa. Tupul kamar buhun da aka ɗinke bakinsa ne, abin da ke ciki shi ke nan, in kana son wani abu daban sai dai ka ɗauko sabon buhu. Don haka ya cancanci zama mabuɗi. Ka canza bakan ciki kawai, daga mai kusurwa zuwa mai lanƙwasa: kaya[("Gumel", "riɗi")] = 12. Zai wuce lafiya lau.

Ƙaya ta biyu kuma, lambar da ka san za ta riƙa canzawa ba a cikin tupul za ta zauna ba. Sunan kasuwa da sunan hatsi ba sa canzawa, su ne mabuɗi. Adadin buhu yana canzawa duk ranar kasuwa, shi zai zauna a ɗaya ɓangaren. In an ƙaro buhu biyar sai ka rubuta kaya[("Gumel", "riɗi")] += 5, shi ke nan.

Wallahi wannan bayanin da na yi maka yanzu, shi na roƙa a wata cibiyar koyon kwamfuta a cikin gari, aka mayar da ni abin dariya. Daga ƙauyenmu nake tasowa bayan asuba, in hau acaɓa zuwa bakin kwalta, in jira mota ta cika. Kuɗin rajistar ma sai da na sayar da wake na haɗa. Mai koyarwar ya rubuta a allo cewa tupul lis ne da ba ya canzawa, ya ce a haddace. Na ɗaga hannu na ce, Malam, idan lis yana yin duk abin da tupul ke yi har da ƙari, mene ne amfanin tupul ɗin? Tambaya ce ta gaskiya, daga zuciyata na yi ta. Sai ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce wa ’yan aji, ga mutanen karkara sun zo za su gyara wa Bature yarensa. Aka kwashe da dariya. Bai tsaya nan ba, ya karɓi wayata ya ɗaga sama, gilashinta a fashe, ya ce da wannan za ka zama injiniya? Ya ce damina ta kusa, in koma in riƙe garma ya fi mini. Akwai yaran da na girme su nesa ba kusa ba a ajin nan, suna ta ƙyaƙyatawa. Na zauna har aka tashi ban ƙara cewa uffan ba, kunnuwana na zafi. A mota ina komawa gida ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, na juya fuska waje don kada dattijon da ke gefena ya gani. Na isa gida mahaifiyata ta tambaye ni yaya karatu, na ce lafiya, na kasa cin tuwo. Har yau in na tuna yadda ya riƙe wayar nan da yatsu biyu, raina ɓaci yake. Abin da ya fi ci mini rai, daga baya na fahimci shi ma bai san amsar ba ne. Da ya ce zai duba ya dawo, da girmansa ya ƙaru a idona. Ya zaɓi ya rufe rashin saninsa da mutuncina. Na yafe masa don Allah, amma kuɗina ban ci moriyarsu ba, kuma ba ni kaɗai ya yi wa haka ba, akwai wata baiwar Allah da ta daina zuwa gaba ɗaya saboda bakinsa.

To ka ga dalilin da ya sa nake roƙonka kada ka ajiye. Wanda ya iya riƙe lissafin bashin mutum talatin a ka ranar kasuwar Maigatari, dikshinari ba zai gagare shi ba.

Tunda hatsi kake rubutawa, ga abin da zai cije ka nan gaba, kuma babu bidiyon Indiya ko na Amurka da zai faɗa maka: "riɗi" da "ridi" mabuɗi biyu ne daban a wurin Python. Haka "Gero" da "gero", haka "gero" da wanda ka bar fili a bayansa ba ka lura ba. Allon rubutun waya yana son ɗaga harafin farko da kansa. Sai ka ga buhunanka sun rabu gida biyu, lissafi ya ƙi cika, kai kuma kana rantsuwa ka shigar da komai. Duk sunan da zai shiga, ka wanke shi tukuna da .strip().lower(), mai cire filin gefe ya mayar da haruffa ƙanana, kuma ka tsayar da shawara tun yau ko da ƙugiya za ka rubuta ko babu. Af, kuma duk abin da input() ya karɓo daga hannun mai dannawa rubutu ne, ko da lamba ka danna. "5" daban, 5 daban. Sai ka bi da shi ta int() kafin ka yi tarawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ya ihu. Jan rubutun kuskure ai rahama ne, ya gaya maka inda ciwo yake. Amma idan ka sa mabuɗi ɗaya sau biyu, dikshinari ba zai ce maka komai ba, zai goge na farko ya ɗora na biyu. Ka duba garuruwanmu, unguwa ɗaya za ka samu masu suna ɗaya har da sunan uba ɗaya. Ka yi rajistar rabon taki ko adashi da suna kaɗai, ka danne haƙƙin wani ba ka sani ba, ranar rabo a ce ka ci amana. Wannan ba maganar kwamfuta ba ce kuma, maganar haƙƙi ce. Nan ma tupul ne zai cece ka: suna da unguwa da lambar waya a haɗe su zama mabuɗi, ko ka ba kowa lambarsa. Kuma kafin ka shigar da sabo ka tambaya da if mabudi in kaya, in yana nan ka tsaya ka duba.

KeyError kuwa za ka sha shi, kowa ya sha. Ka nemi abin da ba ka taɓa ajiyewa ba ne. Layin nan na += 5 da na ba ka a sama ma zai ba ka wannan kuskure idan karon farko ne kasuwar ke shiga. Maganinsa kaya[m] = kaya.get(m, 0) + 5, inda m shi ne mabuɗin, wato in babu a fara daga sifili. Ni wannan layin na rubuta shi a bangon littafina.

Waƙafi ne ke yin tupul, ba baka ba. (7) lamba ce kawai, (7,) shi ne tupul mai abu ɗaya. Kuma in ka cusa lis a cikin tupul, ya daina zama mabuɗi, kuskuren nan na farko zai dawo maka.

Ban san da me kake aiki ba, amma in waya ce, Pydroid 3, manhajar rubuta Python a waya, yana gudu ba tare da data ba da zarar ka sauke shi. Ni a takarda nake fara rubuta komai da rana, in zana mabuɗai a hagu, abin da suke riƙe a dama, sai dare in an yi caji a shagon mai sola in kwafa. Wannan ya rage mini cin batir, ya kuma sa ina ganin kuskure kafin wayar ta gani. Ka kula da bidiyon da ake turawa ta Xender ma, wasu tsofaffi ne ƙwarai. In ka ga mai koyarwa yana rubuta print babu baka, Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun Janairun 2020. Irin su ne za su ce maka dikshinari ba ya riƙe tsari. Daga Python 3.7 da ya fito a 2018, yadda ka shigar da kaya haka za su fito a jere. Kuma ’yan’uwa masu turo bidiyon awa biyu a matsayin amsa, don Allah ku tuna wasunmu datar ɗari biyu muke saye. Layi uku da hannunku ya fi mana amfani.

In ka zo buga rahoto, ka yi for (kasuwa, hatsi), adadi in kaya.items(): sai ka ga kowanne ya faɗa cikin sunansa. Ran da na fara ganin wannan ya yi aiki, a ranar na san tambayar da na yi a ajin nan ba ta wauta ba ce, domin items() ɗin kansa tupul yake miƙo maka, bibbiyu. Sai dai kada ka goge mabuɗi kana tsakiyar zagayen, zai tsaya ya ce girman dikshinari ya canza. Ka tara waɗanda za ka goge a lis daban, in ka fito ka share su.

Saura abu ɗaya, tunda lissafin gaske kake yi ba na jarrabawa ba. Da ka rufe manhajar, dikshinarin ya tafi. Za a ce maka ka ajiye da json, wani tsarin adana bayanai a fayil, amma json ba ya karɓar tupul a matsayin mabuɗi, zai ƙi. Ga irin aikinka fayil ɗin csv ya fi sauƙi, kowane layi kasuwa, hatsi, adadi, kuma za ka iya buɗe shi a Excel ka nuna wa maigidanka.

Ka gyara bakan nan ka gwada yau. In ya sake ƙi, ka kwafo rubutun gaba ɗaya ka liƙa a nan tare da layin ƙarshe na kuskuren, kada ka ɗauki hoton allo, hoto ba ya buɗe mini da wuri. Gobe ina gona har azahar, bayan la'asar zan duba in sha Allahu. Allah Ya buɗa mana baki ɗaya.