Hukuncin malamin da ya mari ɗalibi har ya ji masa rauni

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina cikin kwamitin wata Islamiyya. Wani malaminmu ya fusata ya mari yaro har kunnensa ya yi jini. Ya daɗe yana koyarwa, ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Wasu sun ce a kore shi, a kuma gargaɗi sauran makarantu kada su ɗauke shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah.

Ɗan'uwa, a fara da haƙƙin yaron. Marin fuska haramun ne, Annabi (SAW) ya hana shi. Malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan da ke Tunisiya ta yau, Muhammad bin Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya ce a littafinsa Adabul Mu'allimina kada malami ya wuce bulala uku sai da izinin uba, kuma kada ya taɓa fuska ko kai. Don haka malaminku ya ƙetare iyaka. Kuɗin magani na wuyansa, ya je har gida ya ba iyaye haƙuri. In likita ya tabbatar jin yaron ya taɓu, ana maganar diyya, wannan kuwa aikin alƙali ne, ba na kwamiti ba.

Amma toshe masa hanyar abinci har abada, ban ga dalilinsa a shari'a ba. Mu'azu bin Jabal ya tsawaita salla har wani ya fita daga bayansa, Annabi ya tsawata masa da cewa: "Kai mai fitinar mutane ne, ya Mu'azu?" Daga baya Mu'azun nan Annabi ya aika Yaman ya karantar da jama'a. Khalid bin Walid ma ya yi kuskuren da ya ci rayuka a ƙabilar Banu Jazima; Annabi ya barranta daga aikinsa, aka biya diyya, bai kuwa tuɓe shi daga jagorancin runduna ba.

Abin da nake gani, ku dakatar da shi na ɗan lokaci, ku karɓe bulala daga hannunsa, ku canja wa yaron aji, ku sa masa ido. In ya sake, a sallame shi, domin mumini ba a sarinsa sau biyu a rami ɗaya.

Wannan sassauci bai shafi wanda ya yi lalata da ɗalibi ba, ko wanda mugun duka ya zame masa ɗabi'a. Irin wannan a raba shi da yara, a miƙa shi ga hukuma, kuma sanar da sauran makarantu wajibi ne, ba gulma ba ce.

Wallahu a'alam.