Hukuncin kai yara gidan tarihi da wuraren shaƙatawa a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Kano ne, kuma ina da niyyar idan an ba yara hutu in tafi da iyalina Legas wurin yayana da ke zaune a Agege, mu yi mako biyu. Yaran huɗu ne, babbar tana da shekara 13, autan kuma shekara 5. Na tsara in kai su gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, da Badagry, da gandun dajin Lekki, da bakin teku. Sai uwargidana ta ce ta ji a wajen wa'azi cewa mala'iku ba sa shiga inda akwai gumaka, saboda haka ita tana ganin shiga gidan tarihi haramun ne, balle a kai yara. Malam, mene ne hukuncin wannan, kuma me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, kai yara waɗannan wurare halal ne, kuma idan ka haɗa shi da niyyar faranta wa iyali da koya musu lura da ayoyin Allah, ina fatan a rubuta maka lada. Amma maganar uwargidanka tana da tushe a cikin Sunna da kuma littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu, don haka ba za a tsallake ta da kalma ɗaya ba.

Asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Bayan wannan, Alƙur'ani da kansa ya yi umarni da tafiya da kallo a wurare da dama. A cikin Suratur Rum, aya ta 42, Allah yana cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, kuma Ya rufe ayar da cewa mafi yawansu mushirikai ne. Ka lura da wannan rufewar, domin tana nuna cewa abin da aka ce a je a duba kufai ne da kayan mutanen da ba su yi tauhidi ba. A cikin Suratul Ankabut, aya ta 20, umarnin ya zo game da duba yadda Allah Ya fari halitta, kuma wannan ne ya shafi gandun daji da teku. Game da Fir'auna, a Suratu Yunus, aya ta 92, Allah Ya ce zai kuɓutar da gangar jikinsa domin ya zama aya ga na bayansa, kuma abu ba ya zama aya ga wanda bai gan shi ba ko bai ji labarinsa ba.

Hadisin da uwargidanka ta ji ingantacce ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ɗalha cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko sura a cikinsa. Muslim kuma ya ruwaito cewa Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya aiki Abul Hayyaj da umarnin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aike shi da shi, cewa kada ya bar wani mutum-mutumi face ya shafe shi. A mazhabarmu ta Malikiyya, malamai irin su Shehu Dardir a sharhinsa ga Mukhtasar Khalil sun ce sassaƙa surar abu mai rai, wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, haramun ne, har suka ce kallonta ma haramun ne, kuma suka sa samuwarta a wuri cikin uzurin da ke sauke wa mutum wajibcin amsa gayyatar walima. Amma su ɗin dai sun ce wadda ta rasa wata gaɓa, kallonta halal ne. Wannan bambanci yana da amfani a nan, domin da yawa daga kayan yumɓu na Nok, wato tsofaffin siffofin da aka tono daga ƙasa, da za ka gani a Onikan kawuna ne da gutsattsari, ba cikakkun jikuna ba.

To, saura cikakkun, kamar wasu sassaƙe-sassaƙen itace da na tagulla. A nan malaman zamani sun saɓa. Wasu sun hana shiga sai da larura, suna riƙe da zahirin hadisan da kuma maganar Umar ɗan Khaɗɗabi cewa ba ya shiga majami'u saboda surorin da ke cikinsu. Wasu, ciki har da hukumar fatawa ta Masar, sun halatta domin ilimi da ɗaukar izina, suna kafa hujja da cewa sahabbai sun buɗe Masar a ƙarƙashin Amru ɗan Asi ba su rushe kayan Fir'aunoni ba. Na farko kuma suna amsawa da cewa yawancin waɗannan kaya a lokacin suna binne cikin rairayi. Abin da ya rinjaya a wurina shi ne halacci, kuma dalilina shi ne illar hanin, wato sababin da ya sa aka yi hanin. Ibn Abbas ya bayyana, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, waɗanda aka ambata a Suratu Nuh, sunayen mutanen kirki ne da aka kafa musu siffofi a majalisunsu don tunawa, da zamani ya ja ilimi ya gushe sai aka bauta musu. Ƙofar da Shari'a take toshewa ita ce girmamawar da ke kaiwa ga bauta. Gunkin da aka ciro daga matsafarsa, aka rufe shi a cikin gilashi, aka manna masa lamba da takardar bayani, ba mai yi masa yanka, ba mai durƙusa masa, ya rasa wannan matsayin. Hadisin mala'iku kuwa gargaɗi ne ga wanda ya ajiye sura a gidansa har ya hana kansa albarkar shigarsu, kuma ban ga yana hukunta baƙon da ya ratsa ta wurin na sa'a ɗaya domin karatu ba.

Sai dai wannan halacci yana rataye da abin da kai uba za ka yi a wurin. Yaro ɗan shekara 5 ba ya karanta takardar bayani, fuskarka yake karantawa. Idan ka tsaya gaban sassaƙe ka gaya masa cewa mutane ne suka yi wannan da hannunsu, wasu sun kasance suna neman taimako wurinsa alhali ba ya ji ba ya gani, har ma sai da aka ɗauko shi aka kawo nan bai iya hanawa ba, to ka karantar da shi tauhidi irin karantarwar Annabi Ibrahim lokacin da ya tambayi mutanensa, a Suratul Anbiya, ko mene ne waɗannan mutum-mutumai da suke lazimta. Idan kuwa ka sake su suna yawo suna ɗaukar hoto rungume da gumaka, ka bar mai yi wa baƙi bayani shi kaɗai yana ba su labarin ƙarfin da abin yake da shi, to ka sarayar da dalilin da ya sa aka halatta maka. Kada ku yi salla a ɗakin da suke, kada a shafa su don neman wani abu, kuma kada ka sayo ƙaramin mutum-mutumi a matsayin tsaraba ka kai gida, domin a nan hadisin da uwargida ta ji zai hau kanka kai tsaye. Idan ita zuciyarta ba ta natsu da shiga wannan sashe ba, kada ka tilasta mata, tsantseni ne mai tushe. Ta jira a sashen da babu su.

Kuma ka sani gidan tarihin Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ba sassaƙe kaɗai ke cikinsa ba. A can aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da hudojin harsasai a jikinta. Yaran Kano da suka saba jin sunansa a asibiti da tituna, kuma kabarinsa yana garinsu, sun cancanci su ga wannan mota, ku yi masa addu'a, ka gaya musu girman jinin mutum a wurin Allah. Kayan Nok ɗin ma daga Arewa aka tono su, domin Nok ƙauye ne a kudancin jihar Kaduna, kuma masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928.

Akwai iyaka guda da nake so ka riƙe da kyau, wato bambanci tsakanin wurin da aka adana abin da aka daina bauta wa da wurin da ake kan yin tsafin. Matsafa mai rai, ko bikin dodanni irin na Eyo da ake yi a tsibirin Legas, inda ake sa masu kallo su bi wasu ƙa'idoji na girmamawa, ba ya shiga cikin abin da na halatta. Allah Ya siffanta bayinsa a Suratul Furƙan da cewa ba sa halartar ƙarya. Tare da haka, ka hana yaranka izgili da zagin abin da wasu suke girmamawa, domin aya ta 108 a Suratul An'am ta hana wannan ƙarara, kuma ku baƙi ne a garin mutane. Kada su dawo Kano da tunanin cewa Kudu ƙasar gumaka ce. Musulunci ya daɗe a Legas, masallacin Shitta-Bey da ke tsibirin an buɗe shi tun 1894, kuma ina ba ka shawarar ka sa shi da babban masallacin Legas cikin jerin wuraren da za ku je.

Badagry kuwa, a ganina, ita ce ta fi kowane wuri a cikin tsarinka cancantar a kai babbar 'yarka da mai bi mata. Za su ga mari da sarƙoƙin da aka ɗaure mutane da su, za su tsallaka ruwa zuwa Gberefu su bi hanyar da bayi suka bi zuwa gaɓar da ake loda su a jirage. Wannan tarihi ya taɓa mu, domin cikin waɗanda aka kwashe daga wannan gaɓar teku zuwa Bahia a ƙasar Birazil akwai Hausawa da Yarbawa Musulmi masu karatu, kuma Musulmin can ne suka yi tawayen da aka sani a birnin Salvador cikin watan Ramadan na 1835. Ka karanta musu hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, inda Allah Ya ce mutum uku Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, ɗaya daga ciki shi ne wanda ya sayar da ɗa, wato mutumin da ba bawa ba, ya ci kuɗinsa. Ka gaya musu gaskiya cewa Turawa sun saya, amma akwai 'yan ƙasa da suka kama suka sayar. A kan hanyar akwai wata rijiya da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Ku ji labarin a matsayin abin da ake faɗa, kada a sha, kada a ƙudurce cewa ruwa yana da wannan iko. Irin wannan wuri ba a shigarsa da shewa. Hadisin da ya hana shiga gidajen Samudawa sai da kuka ya keɓanta da wuraren da azaba ta sauka, amma ladabin da ke cikinsa ya dace da duk inda aka zalunci bayin Allah. Autanka kuwa, idan ka ga abin zai firgita shi, a bar shi tare da mahaifiyarsa.

Gandun dajin Lekki babu wata shubuha a cikinsa. An kafa shi a 1990, kuma yana da gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Ka bi ƙa'idar masu wurin game da wanda aka yarda ya hau, kada ka ƙara wa yaro shekaru da baki don a bar shi, domin ƙarya ce kuma jefa shi ne cikin haɗari. A hana su jifan birai da tsokanar dabbobi, tunda an azabtar da wata mace saboda kyanwa. Wasa da nishaɗi a kan kansu Sunna ta tabbatar da su: Annabi ya tsaya yana kare Nana A'isha tana kallon Habashawa suna wasa a masallaci har sai da ita ta ƙoshi.

Bakin teku ne ya fi bukatar taka-tsantsan. Kallon teku halal ne, amma wasu wuraren, musamman da yammacin Asabar da Lahadi da ranakun bukukuwa, suna cika da tsiraici da giya da kiɗa. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hanin zama a teburin da ake zagaya giya a kansa. Ku je da safe a ranar aiki, ku zauna nesa da mashaya, ku tashi kafin wurin ya canza kama, idan kuma kun iske ya riga ya canza to ku juya ko da an biya kuɗin shiga. Igiyar ruwan Atlantika tana da ƙarfi tana kuma jan mutum, yaron da ya saba da kududdufi bai san wannan ba, don haka hannunsa ya kasance cikin naka.

Game da salla, tunda ka yi niyyar mako biyu, da zarar kun isa Agege za ku cika, domin niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke kasaru a mazhabar Malik. Kasaru na kan hanya ne kawai, zuwa da dawowa. Cunkoson motoci a Legas yana iya cinye lokacin salla ɗungurungum, musamman hanyar Badagry da ta Lekki, kuma cunkoso ba uzuri ba ne ga wanda ya san da shi tun kafin ya fito. Ku fita da alwala da dadduma da ruwa a mota, ka tambayi yayanka masallatan da ke kan hanya, ka tsara fitar yadda Azahar da La'asar za su same ku a inda za a iya tsayawa. 'Yarka mai shekara 13 ta wuce shekarun da aka ce a tsananta a kan salla, mai yiwuwa ma ta balaga, saboda haka a tanadar mata wurin alwala da sutura kamar yadda za a tanadar wa mahaifiyarta. Kuɗin da za ka kashe kuma ya kasance daga rarar abin hannunka, kada ka ci bashi saboda wannan tafiya, kada kuma ka taɓa kuɗin makarantar zangon da ke tafe.

Allah ne Mafi sani.