Awa bakwai a Basalona, ina zan fara?

Malam, kai da ka ce jirgin ruwanku zai tsaya Basalona, birnin nan na ƙasar Sifen, na awa bakwai kuma ba ka san ta ina za ka fara ba, shawarata kar ka ce sai ka ga komai, wallahi gajiya kawai za ka kwasa.

Daga inda manyan jirage ke tsayawa akwai ɗan nisa, hau bas ɗin tashar ya sauke ka kusa da gunkin Kolumbus, nan ne bakin titin La Rambla. Ka taka a ƙafa har kasuwar Boqueria ka sha lemon 'ya'yan itace, amma fa ran Lahadi a rufe take. Sannan jakarka ta dawo gaba, masu yankan aljihu sun yi yawa a titin nan.

Babban cocin nan Sagrada Familia kam ko don ginin ka je, tun 1882 ake aikinsa, hasken tagogin ciki sai wanda ya gani. Sayi tikiti ta intanet tun yanzu don yana ƙarewa, layin L2 na metro, wato jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, na kaiwa har ƙofa.

Abincin halal ka shiga unguwar Raval, 'yan Pakistan da Maroko na nan. Ka dawo jirgi da sauran awa ɗaya a hannu, masu jirgin ba sa jiran wanda ya fita yawo da kansa ba cikin tawagarsu ba.