Dambu da kaza sun ishe ka, yarona

Jiya muna kankare tukwanen bikin nan na Unguwar Rimi a nan Kaduna ka tambaye ni abin da za ka dafa wa abokanka shida da za su zo daga Abuja ranar Asabar. Ka ce kana son abincin dare mai sauƙi, amma wanda idan sun ci za su san ba zaman banza kake yi a wurina ba. Kafin in buɗe baki ka jero min soyayyiyar shinkafa da salak da masa da farfesun kayan ciki, har da kek. Hayaniyar wurin ba ta bar ni na amsa maka yadda nake so ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka ajiye wannan jerin naka tukuna. A wurin aiki muna fitar da kala biyar ne saboda mu takwas ne, kowa da tukunyarsa. Kai kuwa ɗaki ɗaya gare ka a Rigasa, gas mai kai ɗaya, sai murhun gawayi, kuma ba ka da mai miƙo maka ko ludayi. Sannan ka tuna ta jirgin ƙasa za su zo. Tun 2016 da jirgin nan ya fara aiki nake ciyar da baƙin Abuja, na kuma ga yadda abin yake: ko tasha na bayan gidanka, kafin su sauka, su gaisa da wannan, su tsaya sallar Magariba, lokacin da ka sa a ranka ya wuce. Saboda haka tambayar farko da mai girki ke yi wa kansa a irin wannan rana ita ce, wane abinci ne zai jira baƙo awa biyu bai canza ba?

Soyayyiyar shinkafa ba ta jira. Ka rufe ta da zafi a kula, ga hanta ga koren wake a ciki, ga zafin garin nan, kafin Isha ka ji ta fara tsami. Salak idan ya sha bama ya zauna, ruwa yake saki. Masa kuwa na ɗanɗana tata. Ina sabon aure wasu 'yan uwana suka zo daga Zariya a tsakiyar hunturu, na ce sai na yi musu masa da miyar taushe da kaina. Sanyi ya hana ƙullu tashi da wuri, na kai ƙarfe tara na dare a gaban tanda, su kuma suna ɗaki su kaɗai. Masar ta yi kyau, amma da za su tafi babban cikinsu ya nuna min cewa wurina suka zo, bayana kawai suka gani. Maganar ta zauna min har yau, kuma ba na so ta same ka.

Ka yi dambun shinkafa da zogale, da kaza gashin tukunya, da zoɓo mai sanyi. Su ke nan.

Na san za ka ce dambu abincin gida ne, me zai burge ɗan Abuja a ciki? Ai shi ya sa na zaɓe shi. Dafa-duka da soyayyiyar shinkafa kullum suna cin su a wurin aiki da gidajen biki, bakinsu ya saba, kuma za su auna naka da na wasu. Dambu mai kyau kuwa, wanda ya yi washar-washar yana ƙamshin man gyaɗa da albasa, wani a cikinsu rabonsa da shi tun na hannun mahaifiyarsa. Ga shi turara shi ake yi, ba ya kamu a gindin tukunya, ba ya caɓewa don ya jira, ko ya huce minti goma a kan tururi ya dawo sabo.

Mudu ɗaya na shinkafa ya ishe ku ku bakwai. Ka saya ranar Juma'a ka kai wa mai inji ya ɓarza maka, ka tsaya a kansa, ka ce ɓarzon dambu, kada ya mai da ita gari. Da ka dawo ka tankaɗe. Nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa, domin garin da ya rage a cikin tsakin shi ke haɗe dambu ya zama kamar tuwo. Idan 'yar gida ce ka rege ta da kyau, tsakuwa ɗaya a haƙorin baƙo ta isa ta shafe duk wahalarka. Wankewa kuma sama-sama, kada ka jiƙa. Ka zuba a rariya ka bar ta ta tsane kamar rabin awa.

Ruwan tukunya ya tafasa kafin ka ɗora madambaci, kuma kada ruwan ya taɓo gindinsa. Inda bakin tukunya ya haɗu da madambaci ka liƙe da kwaɓin kuka ko ka naɗe da tsumma mai tsabta, don duk tururin da ya tsere ta gefe asararka ce ta gawayi da lokaci. Ka zuba tsakin a sake, kada ka danna, ka rufe. Turarin farko minti 25 zuwa 30. Sai ka juye a babbar roba, ka wargaza da muciya, ka yayyafa ruwa kaɗan-kaɗan da hannu kana juyawa. Yayyafi na ce. Hannunka zai gaya maka: idan ka dunƙula ya kama, ka sake shi ya warware, ya yi.

A nan za ka zuba kayan haɗi. Zogale ɗanye ya fi kyau a ido. Ka tsige shi daga tsinkensa, ka wanke da gishiri. Idan busasshe ka samu, ka tafasa shi ya yi laushi, ka zubar da ruwan farko saboda ɗaci, ka matse sosai. Albasa manya uku a yanka, jajjagen attarugu da tattasai, karas a goge, gishiri, dunƙule, ɗan kori. Gyaɗa soyayya gwangwani ɗaya, ka murje ɓawonta ka daka sama-sama, kada ka kai ta ga fitar da mai, so ake a riƙa jin ta a ƙarƙashin haƙori. Man gyaɗa kuma ka soya shi da albasa mai yawa har albasar ta yi ja, rabi ka zuba a haɗin, rabi ka ajiye don tebur. Ka cakuɗa, ka ɗanɗana tun a robar, domin bayan ya koma wuta gishiri ba ya shiga daidai. Turari na biyu minti 20 zuwa 25. Ka ɗebo kaɗan ka murza tsakanin yatsu, idan babu tauri a tsakiya ka sauke.

Attarugu ka sassauta masa. A cikin samari shida da wuya a rasa mai olsa, kuma ba lallai ya faɗa maka ba. Ka ajiye yajin ƙuli a gefe, mai so ya barbaɗa. Ka kuma tambaye su tun yau ko akwai wanda gyaɗa ke ba matsala ko mai ciwon suga, wannan tambayar tana cikin aikinmu.

Kaza kuwa ta Hausa nake so ka saya, guda uku idan ƙanana ne, ko zabi biyu in ka samu. Ta gidan gona ta fi nama da saurin dahuwa, amma idan ta daɗe a wuta tana saɓulewa daga ƙashi, ita kuwa ta Hausa jiran ma ƙara mata daɗi yake yi. A yanka maka da safiyar Asabar. Ka daka ɗanyar citta da tafarnuwa da masoro da kanumfari ƙwaya huɗu ko biyar, kada ka wuce haka don yana danne komai. Ka shafe naman da su da gishiri da dunƙule, ka shimfiɗa albasa a gindin tukunya, ka jera naman a kai, ka rufe, wuta ƙasa-ƙasa. Kada ka zuba ruwa da farko, albasa da naman za su fitar da nasu. Sai ya tsotse ka ƙara kofi ɗaya na ruwan zafi, haka har ta yi laushi. Daga nan ka zuba mai da jajjagen tattasai da tumatir kaɗan, ka bar shi yana soyuwa a hankali har man ya taso, romon ya yi kauri ya kama jikin naman. Wannan ɗan romon shi ne miyar dambunka, kada ka bari ya ƙafe ƙaf. Abu ɗaya da ba na yafewa: kada ka shafa wa ɗanyar kaza kayan ƙamshi ka ajiye ta a ɗaki tun safe kana jiran yamma da sunan ta tsumu. Ba ka da firij, ko kana da shi wuta ba ta da tabbas. Da an yanka, a wanke, a ɗora.

Cittar ka nemi ta Kudancin Kaduna, irin ta wajen Kachia da Kagarko, ƙarfinta daban ne. Tun cutar da ta kama gonakin citta a can a 2023 ta yi tsada, amma ɗan yatsa biyu ya ishe ka kaza da zoɓo duka. Kayan miya kuma ka yi sammakon kasuwar Bakin Dogo, da sassafe ake samun na kirki.

Zoɓo ka dafa shi daren Juma'a da citta da kanumfari da ɓawon abarba da ka wanke, ka tace, sai ya huce ka ware kofi biyu marasa suga, ka sa suga a sauran. Ranar Asabar bayan La'asar ka sayi ƙanƙara ka jera gorunan a ciki.

Idan ka bi haka, kaza ta gama kafin Azahar, sai ɗumame. Turarin farko bayan Azahar, na biyu bayan La'asar. Ƙarfe biyar ka share ɗaki, ka yi wanka, ka canza riga, kada baƙi su same ka kana warin hayaƙi. Ka je tasha da kanka ka tarbe su.

Wajen zubawa kada ka raba musu a ƙananan faranti kamar a gidan abinci. Ka samu babban tire, ka tula dambun a tsakiya yana tururi, ka zagaye shi da kazar, ka yanka kokwamba da tumatir da albasa a lokacin ka jera a gefe, ka watsa lawashi a sama. Soyayyen mai a ƙaramin kwano, yaji a wani, romo a wani. Ruwan wanke hannu da sabulu su riga abinci isowa. Ido ke fara ci, kuma tire ɗaya cike da aka kewaye ya fi kala biyar da aka tsakura. Kai ma ka zauna ka sa hannu tare da su, kada ka tsaya a kansu kana tambayar ko ya yi daɗi. Bayan an ci, kankana ko lemo da ka yanka sun wadatar, kek ɗin ka bar shi sai wani zuwan.

In har ranar ta zo ka ga zogale ya gagara, ka sa kabeji yankakke siriri a madadinsa, sai dai a turari na biyu kawai zai shiga, kuma ka rage yayyafin ruwa don shi ma yana saki.

Ban yarda ka fara dambu a kan baƙi ba. Ranar Alhamis ba mu da aiki da rana, ka zo da rabin mudu na ɓarzajjiyar shinkafa da zogalenka, ka yi shi a gabana daga tankaɗe har saukewa, ni ba zan sa hannu ba, yaran wurin su ci su faɗa maka gaskiya. Idan ka tashi tafiya ka ɗauki ƙaramin madambacin da ke bayan buhunan gawayi da babban tiren nan mai zane, ka dawo min da su ranar Litinin a wanke.