Tambaya da Amsa: Shin doka ta yarda a rufe yaro mai galahanga shi kaɗai a ɗaki a makarantun Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni Bakanuwa ce mazauniyar Shikago a jihar Ilinoi ta Amurka. Ina da yaro ɗan shekara takwas mai lalurar galahanga, wadda likitocin nan ke kira otizim, yana ajin masu buƙata ta musamman a wata makarantar gwamnati. Wata biyu ke nan ya koma fitsarin kwance, kuma kullum da safe sai ya ƙanƙame ƙafar tebur da zarar ya ji motar makaranta. Da na je sai na tarar da wani ɗan ɗaki da bai fi banɗaki girma ba, an lulluɓe bangonsa da shuɗiyar katifa, ba kujera, ba taga sai ɗan gilashi a jikin ƙofa. Malamarsa ta ce ɗakin hucewa ne, ana sa shi ciki idan ya ƙi zama ko ya dinga ihu. Ba a taɓa sanar da ni ba. Shin doka ta yarda da haka?
Wata uwa, Shikago

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya ba ki ladan ɗawainiya. Idan lamarin ya kasance yadda kika bayyana, to abin da ake yi wa ɗanki ya saɓa wa dokar jiharku, ko da yake kasancewar ɗakin kansa ba laifi ba ne a Ilinoi.

Gwamnatin tarayyar Amurka ba ta da wata doka guda da ta haramta keɓe ɗalibi a ɗaki. A 2009 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisa ya fitar da rahoto kan ɗaruruwan zarge-zargen cin zarafi, har da mutuwar yara, sakamakon danne su ko rufe su a makarantu. Majalisar wakilai ta amince da ƙudurin taƙaita hakan a 2010, amma ya maƙale a majalisar dattawa, kuma duk da an sha sake gabatar da shi bai zama doka ba. Abin da ake da shi daga tarayya shi ne ƙa'idoji 15 da ma'aikatar ilimi ta fitar a 2012, waɗanda suka ce kada a keɓe yaro sai idan yana gab da yi wa kansa ko wani mummunan rauni, kuma kada a yi haka da sunan horo. Shawara ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba, shi ya sa kowace jiha ta kama gabanta. Jojiya ta haramta keɓewa a makarantun gwamnati a 2010, shekara shida bayan wani yaro ɗan shekara 13 ya rataye kansa a irin wannan ɗaki. Merilan ta bi sahu a 2022.

Jiharku tana da nata labarin. A Nuwamba 2019 jaridar Chicago Tribune da kafar ProPublica sun tattara bayanan makarantun Ilinoi, suka gano an rufe yara fiye da sau 20,000 cikin shekara ɗaya da 'yan watanni, kuma a fiye da kashi ɗaya bisa uku na lokutan da aka rubuta dalili, babu maganar haɗari ko kaɗan: wani don ya zubar da madara, wani don ya ƙi yin aikin aji. Wannan tonon silili ne ya kai ga dokar 2021, wadda ta hana kulle ƙofar ɗakin, ta kuma hana sa yaro ciki sai akwai haɗarin mummunan rauni nan take bayan an gwada hanyoyi masu sauƙi sun gaza. Dole ne wani babba ya kasance yana kallonsa, a rubuta abin da ya faru, a sanar da iyaye, a kuma gaya musu cewa suna da damar neman zama da makarantar. Ƙin zama a kujera ko ihu ba haɗari ba ne, kuma rashin sanar da ke wani laifin ne mai zaman kansa.

Kada sunan ɗakin ya ruɗe ki. Yara masu galahanga da yawa suna amfana da wuri mai shiru da za su je da kansu idan hayaniya ko hasken fitila ya yi musu yawa, su fito idan sun ga dama. Abin da hukuma ke dubawa shi ne ko yaron shi kaɗai ne a ciki, kuma ko an hana shi fita. Don haka ki tambaye su kai tsaye: wa ke tsaye a ƙofa, minti nawa yake yi, kuma idan ya tura ƙofar zai fita?

Akwai kuma dokokin tarayya na masu nakasa. Dokar ilimin yara masu nakasa, wato IDEA, ta wajabta wa makaranta ba ɗanki ilimin da ya dace da shi kyauta, kuma kotun ƙoli ta yanke a 2017, a shari'ar wani yaro mai galahanga daga Kolorado, cewa dole tsarin karatun ya zama mai kai yaro ga ci gaba na haƙiƙa. Yaron da ke yini a bayan ƙofa ba karatu yake yi ba. Sashe na 504 na dokar tallafa wa masu nakasa ta 1973 da dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990, wato ADA, sun haramta nuna bambanci saboda nakasa, kuma alƙaluman gwamnati na zangon 2017 zuwa 2018 sun nuna cewa masu nakasa kashi 13 ne cikin ɗari na ɗalibai, amma su ne kashi 77 na waɗanda aka keɓe.

Na san tarbiyyarmu ta sa muna jin nauyin tuhumar malami, amma a can abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗe shi ba ne. Ki aika wa shugaban makarantar wasiƙa ko imel ki nemi kwafin duk bayanan lokutan da aka sa shi a ɗakin. Dokar tarayya ta ce kada su wuce kwana 45 ba su ba ki ba. Ki nemi a kira zaman IEP, wato tsarin karatunsa na musamman, a yi nazarin abin da ke tunzura shi, a rubuta yadda za a kwantar da shi ba tare da rufewa ba. Kina da haƙƙin a kawo miki tafinta na Hausa a zaman, kuma ba dole ba ne ki sa hannu a wata takarda nan take.

Idan suka yi biris, za ki iya kai ƙara hukumar ilimi ta jiha cikin shekara ɗaya, ko ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar ilimi ta tarayya cikin kwana 180. Ƙungiyar Equip for Equality ita ce aka ɗora wa kare haƙƙin masu nakasa a Ilinoi, sai ki tuntuɓe ta. Kafin nan, ki kai shi wurin likitansa a rubuta batun fitsarin kwance da tsoron motar makaranta, tare da ranar da suka fara.