Tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu: abin da ɗan kasuwa zai duba kafin ya fitar da kuɗinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Dawanau, ina sayen riɗi da zoɓo da waken suya a kasuwannin ƙauyukan Kano da Jigawa. Ƙaramar motata ba ta iya shiga wasu hanyoyin, musamman da damina, shi ya sa na ware naira miliyan 15 domin in sayi tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu. Dillali ya nuna mini guda uku: Toyota Hilux ƙirar 2008 da Prado ƙirar 2006, waɗanda aka yi amfani da su a nan gida, sai Nissan Pathfinder ƙirar 2007 'yar Kwatano, wadda ta fi su araha kuma ta fi su kyan jiki. Me ya kamata in duba kafin in biya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Kafin mu je ga motocin, ina so mu fara da kuɗin, domin miliyan 15 ɗin da ka ambata daga jari za su fita, kuma duk nairar da ta shiga mota ta daina juyawa a lokacin kaka, wanda shi ne lokacin da mai sayen riɗi yake samun ribar shekararsa. Shawarata ita ce kada kuɗin sayen motar ya wuce miliyan 12, ragowar ukun ka ajiye su gefe domin gyaran farko da tayoyi da sauya takardu, saboda motar da aka ƙera tsakanin 2006 da 2008, komai kyanta, sai ta nemi kuɗi a watanninta na farko a hannun sabon mai ita. Ka kuma yi lissafin mai tun yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, shan mai ya zama babban ɓangare na kuɗin riƙon mota. Mu ƙaddara motar tana shan lita 15 a kowane kilomita 100, to tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa za ta cinye lita 45, sai ka ninka wannan da farashin lita da kuma yawan kasuwannin da kake ci a wata, ka kwatanta da abin da kake biya a yanzu na haya. Ka tuna kuma cewa nauyin da aka ƙera Hilux ta ɗauka bai wuce kusan tan ɗaya ba, har da mutanen da ke ciki, ma'ana manyan buhunanka za su ci gaba da tahowa a babbar mota. Wannan motar aikinta shi ne ta kai ka da yaranka da sikelinka inda kaya suke a kan lokaci.

Idan lissafin ya tsaya da ƙafarsa, abu na farko da za ka nema shi ne takardu, tun kafin a buɗe bonet. Kowace mota tana da lambar shasi, yawanci mai haruffa da alƙaluma 17, kuma akan same ta a allon ƙarfe ko takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofa, a wasu kuma a ƙasan gilashin gaba, sannan a irin waɗannan motocin an buga ta a jikin ƙarfen shasin kansa. Ka karanta ta da idonka a duk inda take, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da ke kan takardar diyuti ta kwastan da takardar mallaka da lasin. Idan ka ga alamar an goge wurin, ko an yi walda a kewayensa, ko an shafa masa sabon fenti shi kaɗai, ka bar motar ko da kyauta za a ba ka ita. Pathfinder ɗin ita ce ta fi bukatar wannan bincike, domin gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa na tudu daga ranar 1 ga Janairu, 2017, kuma daga lokacin motoci da yawa da suka biyo ta daji suna yawo ne ba diyuti ko da takardun bogi. Kada ka wadatu da hoton takarda a wayar dillali. Ka ɗauki lambar shasin da kwafin takardar ka je ofishin kwastan na shiyyar Kano da Jigawa da ke Bompai a tabbatar maka an biya, kuma an biya daidai da ƙirar motar da shekararta. Kai mai yawan bin hanyoyin da suka nufi Maigatari da sauran garuruwan bakin iyaka ne, inda shingayen kwastan suke da yawa, kuma motar da aka kama saboda diyuti tana iya tafiya da kuɗinka gaba ɗaya. Su kuma biyun na gida, ka nemi ganin mutumin da sunansa yake kan takardun. Idan Hilux ɗin daga gwanjon wata ma'aikata ko kamfani ta fito, kamar yadda da yawansu suke, a nuna maka takardar gwanjon ta asali.

Bayan takardu sai shasi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin shi ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi alhali shi ne ba ya gyaruwa. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka, amma motar da shasinta ya ruɓe ko ya lanƙwashe ta gama aiki. Ka sa a kai motar kan rami ko a ɗaga ta a wurin wankin mota, ka shiga ƙarƙashinta da kanka tare da bakanikenka, da tocila da ƙaramar guduma. Ku bi dogayen ƙarafan shasin nan biyu daga gaba zuwa baya kuna ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa sautinsa a dushe yake, wani lokacin ma sai ɓawon tsatsa ya zubo muku a fuska. Ku fi mayar da hankali inda sifirin da shokozoba suke kama shasi da kuma bayan tankin mai, inda laka take taruwa ta daɗe. Motocin da suka fito daga arewacin Amurka da Kanada sun fi fama da wannan, saboda a can ana watsa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Matsalar ba ƙarama ba ce, domin a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasantawa ta dala biliyan 3.4 a Amurka kan ruɓewar shasin wasu motocinsa ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia. Idan ka tarar an fesa wa ƙasan motar baƙin fenti mai kauri yana ta sheƙi, kada wannan ya burge ka, ka tambayi abin da ake rufewa. A motocin gida kuma tsatsa ba ta cika yawa a nan arewa ba, abin da za ka nema shi ne tabon walda da faci a shasin, alamar hatsari ko lodin da ya wuce kima.

Kana ƙarƙashin motar, ka duba abin da ya kai ka sayen ta tun farko. Ba kowace Hilux ba ce mai jan ƙafa huɗu, haka ma Pathfinder, akwai masu tsayi iri ɗaya da ƙafafun baya kaɗai suke ja. Mai ƙafa huɗu tana da ƙaramin akwatin giya a bayan babban, daga cikinsa farfela biyu suke fita, ɗaya zuwa baya, ɗaya zuwa gaba. Sau da yawa idan na gaba ya lalace, maimakon a gyara sai a kwance shi a ajiye, motar ta ci gaba da yawo a gari ba wanda ya lura, sai ranar da ta kafe a taɓo sannan mai ita ya gane abin da ya saya. Ka ƙirga farfelan da idonka, ka kama kowanne ka girgiza ka ji ko yana wasa, ka duba robobin da ke rufe da sandunan ƙafafun gaba ko sun yage suna zubar da giris. Daga nan sai gwaji, kuma ba a kan kwalta ba, domin sa Hilux a giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta yana wahalar da ƙarafanta. Ku fita bayan gari inda akwai yashi, a sa 4H, wato babbar giyar ƙafa huɗu, a yi tafiya, a tsaya cak a sa 4L, wato ƙaramar giyar, ka ji motar ta koma tafiya a hankali da ƙarfi, sannan a mayar da ita yadda take ba tare da gardama ba. Yawancin Prado na waɗancan shekarun kullum ƙafa huɗu suke ja, don haka a wurinta ƙaramar giyar da makullin tsakiya, wanda ke ɗaure ƙafafun gaba da na baya su juya tare, za ka gwada. Fitilar ƙafa huɗu ta kan allo da ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba tana nufin giyar ba ta shiga ba, ko da dillali ya ce maka waya ce kawai.

Shi kuma inji, ka sa sharaɗi cewa kana so ka same shi da sanyi, da sassafe, ba wanda ya tayar da shi kafin zuwanka. Ka ɗora hannu a kansa ka tabbatar. Injin da ya gaji yakan tona kansa a tashin farko, ta ƙwanƙwasa ko jinkirin kamawa ko hayaƙi, idan ya yi ɗumi kuwa sai ya rufa wa kansa asiri. Shuɗin hayaƙi yana nufin yana ƙona baƙin mai, farin da ya ƙi yankewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa yana shiga inda bai kamata ba. Ka buɗe murfin baƙin mai, idan ka ga farin kumfa mai kauri a ƙarƙashinsa, mai yiwuwa gasket ya ƙone ko kan inji ya tsage. Ka murɗa mukulli ba tare da ka tayar ba, ka ga duk fitilun gargaɗi sun kama sannan su mutu bayan inji ya tashi, domin akwai masu cire ƙwan fitilar da ke damunsu. Ka biya mai na'urar bincike ya jona kwamfutarsa, kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da zai iya gano maka. Alƙaluman tafiyar da ke kan allo kuma kada ka dogara da su, ana mayar da su baya. Ka dubi yadda sitiyari da robar birki da kujerar direba suka cinye. Motar da ta fito daga Amurka ma da mil take ƙirga, kowane mil kuwa kilomita 1.6 ne.

Pathfinder ɗin tana da wata cuta da aka san ta da ita, wadda dole in faɗa maka. A masu giyar otomatik da aka ƙera tsakanin 2005 da 2010, lagireto yakan fashe daga ciki, ruwansa ya gauraya da man giya, giyar ta mutu. Ka sa a buɗe murfin lagireto inji yana sanyi, a kuma ɗebo man giyar a duba. Idan ya yi kauri ya koma kamar kunun da aka dama da jan launi, an riga an makara. Ko da ka same shi da kyau, ka tambaya ko an taɓa sauya lagireton, idan ba a sauya ba ka sa kuɗinsa a lissafi.

Tayoyi da na'urar sanyaya mota da shokozoba duk abubuwan ciniki ne, ba su hana saye. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu na mako da shekarar ƙera ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan sun tsufa, ka tambayo farashin sabbin guda huɗu ka zabge shi daga kuɗin motar.

Kafin ka yanke hukunci, ka ɓata rabin yini a Ƙofar Ruwa, ka tambayi farashin inji da giya da farfelan gaba da lagireto na kowace daga cikin ukun, ka ga wanne ake miƙo maka nan take, wanne kuma ake cewa sai an aiko daga Legas. A ganina, ga irin aikinka, Hilux ce a gaba idan takardunta da shasinta sun fita lafiya, saboda kayanta suna ko'ina kuma bakaniken Gumel ko Ɗambatta zai iya taɓa ta idan ta tsaya maka a hanya. Prado ta fi daɗin zama, amma wuri ne na mutane ba na buhu ba, kuma mai injin silinda shida tana shan mai sosai. Pathfinder ita ce ta ƙarshe a wurina, kuma kyan jikinta da arahar da aka yi mata su ne ma suka sa nake so ka tsananta bincike a kanta.

Bakaniken da zai duba maka ya zama naka, wanda kai za ka biya shi ladan aikinsa ko an saya ko ba a saya ba, ba wanda dillali ya kawo ba, domin dillali la'adarsa tana fitowa ne idan ciniki ya faɗa. Kada ka ba da kafin alƙalami kafin kwastan su amsa maka. Ranar biya, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai motar, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji da farashi, shi da kai da shaidu biyu ku sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidarsa, a kuma rubuta ƙarara cewa idan matsalar diyuti ko ta mallaka ta taso daga baya, zai karɓi motarsa ya dawo maka da kuɗinka. A makon farko ka sauya takardun zuwa sunanka, ka yanki inshora ta gaskiya, wadda mafi ƙarancinta ga motar hawa da ba ta haya ba ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, ta ɗaukar kaya kuma ya fi haka. Sannan ka sa a juye baƙin mai da man giya da na akwatin ƙafa huɗu da na aksul biyun, kuma idan Hilux ɗin mai dizal ce a sauya mata belin taimin kafin ka fita da ita kasuwar farko.